Wai da gaske funfuna na maganin funfuna a gona?

Ɗan Kadawa:
Salam 'yan uwa, don Allah masana a taimaka min. Gadon renon tumatir ɗina sau biyu kenan yana lalacewa bana, tsiro ya fito lafiya lau sai ka ga gindin ya yi baƙi ya sirance kamar an murɗe shi da yatsa, gari na wayewa ka tarar duk ya kwanta, fili fetal a tsakiyar gado. Wani yaro da ya karanta aikin gona ya ce in nemi wani gari wai shi Trichoderma, wai shi ma funfuna ne amma yana kashe mai cutar. Abin ya ɗaure min kai wallahi, kuma kuɗin iri ba wasa ba.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Trichoderma a ƙasa yake zama, yana nannaɗe funfunar da ke ruɓar da saiwa ya narkar da ita da sinadaran da yake fitarwa. Amma fa rigakafi ne, tsiron da ya kwanta ya tafi kenan. Ni da ruɓaɓɓen taki nake gauraya shi in zuba a gado tun kafin in yafa iri. Kar ka bar ledar a rana tunda abu ne mai rai, kar kuma ka haɗa shi da maganin funfuna na kemikal, sannan ka rage ban ruwa don damshi ne ke ƙara rura cutar.

Maman Ilham:
Baba ai ko maganin kanti ma wani daga funfuna ya samo asali. A 1977 masu bincike a Jamus suka gano sinadarin strobilurin a jikin wani ɗan naman kaza da ke tsirowa a kan 'ya'yan bishiyar pine da suka faɗo, da shi yake hana sauran funfuna numfashi don ya ci abincinsa shi kaɗai. Shi aka kwaikwaya aka yi maganin funfuna mai suna azoxystrobin wanda ya shigo kasuwa 1996. Matsalarsa in kana ta maimaita shi shi kaɗai cutar kan saba da shi da wuri, dole a riƙa sauyawa.

Ɗan Kadawa:
Ikon Allah! Na gode ƙwarai. Abban Sadiq, kwana nawa kake bari tsakanin zubawa da yafa irin? Jibi nake son gyara sabon gado.