Ina son sa wa motar daji ta UTV taya inci 32: me zan fara canzawa?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman shawara kan motar daji ƙarama mai kujeru biyu gefe da gefe, wadda ake kira UTV. Injinta 1000cc ne, giyarta ta bel ce irin ta CVT, kuma tayar da ta zo da ita inci 27 ce a kan wili inci 14. Aikinta hawan duwatsu, ratsa rairayi da taɓo, wani lokaci da jan ƙaramar tirela. Matsalar ita ce cikinta yana yawan dukan ƙasa. Niyyata in sa taya inci 32, in ɗaga ta da inci 2 ko 3, in ƙara winci (injin jan mota da igiya in ta maƙale) da doguwar fitila a saman rufi. Da wanne ya kamata in fara, kuma me ke lalacewa idan an yi wannan aiki?

Bakaniken Kuloci:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, zauna ka yi lissafin tayar nan, domin kusan duk ɓarnar da za ta biyo baya daga gare ta take tasowa.

Daga inci 27 zuwa 32, tsawon da cikin mota zai ƙaru da shi rabin bambancin ne kawai, inci biyu da rabi. Abin da za ka biya kuwa: tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 18 cikin ɗari, ƙarfin turin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 16. Agogon gudu ma zai riƙa yi maka ƙarya, in ya nuna kilomita 50 kana kusan 59. Ga nauyi: taya inci 32 mai ƙarfin shafi takwas takan fi ta asali da kilo da yawa, kuma nauyi ne da ke juyawa a can bakin wili, inda ya fi wahalar da inji da birki.

Duk wannan ƙarin wahala a kan bel take sauka. CVT kuloci biyu ne da bel a tsakani. Na gaba, wanda ke kan inji, yana da ƙananan ƙarafa masu nauyi da sifirin; juyin inji na ƙaruwa suna buɗewa suna matse bel ɗin zuwa sama. Na baya yana da nasa sifirin da wani ƙarfe mai gangare da ake kira helis, shi ke jin nauyin da ke kan taya ya mayar da giya ƙasa. An auna waɗannan duka ne da taya inci 27. Ka sa 32 ba ka taɓa su ba, sai kulocin ya riƙa hawa giya da wuri, juyin inji ya faɗi ƙasa da inda ƙarfinsa yake, bel ya riƙa zamewa wajen tashi. Zamewa zafi ce, zafi kuma shi ke kashe bel. Da zarar iskar cikin murfin ta doshi digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyas, robar ta fara taurara tana ƙyalli, daga nan sai tsinkewa. Alamunsa warin roba, jijjiga wajen tashi, da wani wuri a jikin bel da ya sirance saboda kuloci ya juya a kansa alhali taya na tsaye.

Saboda haka ni a wurina kayan kuloci su ne na farko, tare da tayar ake sa su, ba bayan bel ya tsinke ba. Ka nemi saitin da aka yi don girman tayarka da irin ƙasar da kake bi. Yawanci za ka ga ƙarafan nauyi masu ɗan sauƙi ko waɗanda ake ƙara wa da rage wa giram, sifirin baya mai tauri, da helis mai sassaucin gangare. Yadda za ka san ya zauna daidai: a fili mai tsawo, inji da zafinsa, ka taka totur har ƙasa ka dubi agogon juyi. Ya kamata ya tsaya a adadin da littafin motar ya ba da. In ya gaza, rage nauyi. In ya wuce, ƙara. Giram ɗaya a kowane ƙarfe kan motsa juyin da kusan 100 zuwa 200, don haka kaɗan-kaɗan ake yi, kuma dukkan ƙarafan su zama nauyi ɗaya.

Kada a cire kulocin gaba da guduma. Yana da nasa maɓalli mai zare da ake murzawa ya ɓalle shi daga kan shaf. Na baya kuma sifirinsa a matse yake, sai da abin dannewa ake buɗe shi, in ba haka ba ya yi tsalle ya ji wa mutum ciwo.

In da za ka karɓi shawarata, tsaya a inci 30. Ka samu inci ɗaya da rabi, asarar turi kashi 10 kacal, kuma a motoci da yawa tana shiga ba tare da an ɗaga komai ba. Tunda har da jan tirela a aikin motar, 32 ta yi yawa.

Mai Gyaran Ƙafa:

Maganar Oga a kan kuloci babu gyara. Inda na ɗan saba da shi shi ne 32 tana yiwuwa, sai dai ba ta hanyar da mai tambaya ya zana ba.

Ɗagawar inci 2 ko 3 da ake yi da ƙananan ƙarafa, mazaunin shokazoba kawai take sauya wa wuri, ta tura hannuwan ƙafa ƙasa. Cikin mota ya tashi, amma shaf ɗin da ke kai juyi ga taya ya koma aiki a karkace. Gaɓoɓin da ke bakinsa biyu suna da iyakar lanƙwasar da suke ɗauka. Idan ƙafa ta saki har ƙarshe, sitiyari a murɗe, aka kuma taka totur, nan ne kejin cikin gaɓar ke fashewa. Kafin ya kai ga haka ma robar da ke rufe gaɓar takan yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan an ɗaura, a ɗaga motar da jak har tayoyi su rataya, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a juya taya da hannu. In ka ji tana cijewa tana saki, shaf ɗin ya kai maƙura. Sai a rage ɗagawar, ko a sa maɗaurin da ke hana ƙafa saki da yawa, ko a canza zuwa shaf mai ɗaukar lanƙwasa. Ni inci 2 ce iyakata da shaf na asali.

Kuma ɗagawa ba ta hana babbar taya gugar bodi yadda mutane ke zato. Gugar tana faruwa ne a bayan tayar gaba, wajen mazaunin ƙafar direba, lokacin da shokazoba ya nutse kuma sitiyari na murɗe. Maganinsa hannuwan ƙafa masu tura taya gaba da inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Akwai masu lanƙwasa sama, waɗanda ke ba da ƙarin sarari a ƙarƙashi ba tare da an taɓa kusurwar shaf sosai ba.

Kafin duk wannan ma, a duba sifirin shokazoba. Sau da yawa dukan ƙasar nan daga sifirin da ya gaji ne. A auna tsawon cikin mota a kwatanta da abin da littafi ya ce. Da direba da kayan da aka saba ɗauka, nutsewar ƙafa ta kasance kusan kashi ɗaya bisa uku na duk tafiyarta. In ta wuce haka, a ƙara matse zoben sifirin, in bai dawo ba a canza shi. Inci guda da ya ɓace kan dawo ta nan.

Batun wili: lambobi biyu za ka duba. Na farko tsarin ramukan noti, domin ba ɗaya ba ne. Yawancin motocin Polaris 4/156 ne, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 156, Can-Am 4/137, Yamaha da yawa 4/110. Na biyu inda faifan wilin ya zauna, ana rubuta shi 5+2 ko 4+3 a wili mai faɗin inci 7, lambar farko incin da ke ɓangaren ciki, ta biyu na ɓangaren waje. Mai 4+3 yana fitar da taya waje da inci guda a kowane gefe fiye da 5+2. Motar ta ƙara faɗi ta ƙara zama daram, amma boris da boljoyin da tayirod sun ƙara ɗaukar nauyi, kuma duk dutsen da taya ta doka sai ka ji shi a sitiyari.

Wanda ya nace sai 32 ko sama da haka don taɓo da dutse, akwai akwatin giya da ake ɗaurawa a bakin kowace ƙafa, ana ce masa fotal. Na inci 4 yana ɗaga motar ba tare da karkatar da shaf ba, kuma yana rage giya da kashi 15 ko 30, wato yana mayar da ƙarfin da tayar ta cinye. Aibinsa nauyi, ƙarin faɗi, raguwar gudu, da akwatuna huɗu masu son canjin mai.

Duk abin da aka taɓa a ƙafa, a sake saita daidaiton tayoyin gaba bisa ma'aunin littafi, a ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfi, a sake bin su bayan tafiyar farko.

Sabon Shiga:

Allah ya saka da alheri. Na karkata ga inci 30 da kayan kuloci. Saura winci da fitila: batir ɗaya zai ɗauke su?

Mai Waya:

Ɗan'uwa, ba batir ne abin dubawa na farko ba, abin da ke caja shi ne. Yawancin waɗannan motoci ba su da altaneta irin ta babbar mota, koyil ne a cikin inji, kuma da yawa ƙarfinsu bai wuce wat 500 zuwa 700 ba, shi ma sai inji na juyi sosai. Daga ciki famfon mai, fankar lagireto, sitiyarin lantarki da fitilun asali sun riga sun ɗebi rabonsu. Raba wat da 12 ka samu amfiya: fitila mai wat 240 amfiya 20 ke nan. Ka gwada da mita a kan batir, inji na aiki, komai a kunne. In ka ga bolt 13.5 zuwa 14.4 lafiya. In ya sauka ƙasa da 13 yana ci gaba da sauka, batir kake ci.

Fitilar a haɗa ta da rile, wato na'urar da ke ɗaukar babbar wuta a madadin makunni, makunnin ya ɗauki ƙaramar wuta kawai. Waya mai kaurin murabba'in milimita 4, fiyus na amfiya 25 ko 30, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin wayar yake karewa ba fitilar ba. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A nisanta ta da salansa. Sannan fitilar saman rufi a cikin ƙura haske take dawo maka da shi ido. Ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa a ƙasa kusa da bamba sun fi amfani.

Winci kuwa, ka haɗa nauyin mota da mutane da kaya ka ninka sau ɗaya da rabi. Mota mai kilo 700 da ta kai 1,100 da lodi tana son mai jan kilo 1,650 ko fiye, kamar mai lambar nauyi fam 4,500. Wannan lamba ta layin farko ce na igiya a kan ganga. Kowane layi da ya hau kai ƙarfin ja na raguwa, shi ya sa ake warware igiya da yawa in ja ya yi tsanani, ko a ninka ta da kura, wato ɗan gargaren da igiya ke zagayawa a kansa. Igiyar zare ta fi ta ƙarfe sauƙi da aminci in ta tsinke, amma a bar aƙalla zagaye takwas zuwa goma a kan ganga, kada kuma a bar ta tana gogar dutse. A cikakken ja winci na iya shan amfiya 200 ko fiye, babu koyil da zai biya wannan. A bar inji a kunne, a ja na ɗan lokaci, a huta injin wincin ya huce. Mai yawan amfani da shi ya sa batir na biyu da na'urar raba caji, don na tayar da inji ya tsira.

Direban Tsauni:

Abu uku da ba a ambata ba. Farantin kare ciki: tunda dukan ƙasa ne damuwar, a sa na roba mai tauri, UHMW, kaurin milimita 10 zuwa 12. Yana sulɓewa a kan dutse, alhali na alminiyam kamawa yake yi ya lotse. A tabbatar yana da ramukan zubar da ruwa da na juye mai, a riƙa kwashe busasshiyar ciyawa da ke taruwa a kansa kusa da salansa, tana iya kama wuta.

Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu a bar shi ya bushe, a goge fuskokin kuloci da soso mai ɗan kaushi da barasar goge-goge. Kilomita 50 na farko kada totur ya wuce rabi, ana sauya gudu. Daga nan duk tafiyar da ba ta kai kilomita 25 a awa ba, da hawa, da jan tirela, a ƙaramar giya za a yi ta. In taya ta maƙale, a saki totur nan take. Tsohon bel ɗin in da sauran rai a ajiye shi a mota tare da kayan canza shi.

Na uku shi ya fi damuna. Duk incin da aka ƙara, nauyin mota ya hau sama, kifewa a kwana ko a gefen gangare ta ƙara sauƙi, birki kuma ya ƙara nisa. Tayar safaya da akwatin kaya a ɗaure su ƙasa a cikin bodi, ba a kan rufi ba. Kada a huda ko a yi walda a jikin ƙarafan kejin da ke kare mutane, a yi amfani da maƙalai masu noti. Hular kwano da bel ɗin kujera dole ne, raga ko ƙofa a rufe, hannu kuma a cikin mota ko da ta fara karkata. Iskar taya inci 30 a fara da psi 12 zuwa 14. Ƙasa da 8 a wilin da ba ya kulle bakin taya, tana iya zarewa a kwana.