Neman kalmar Hausa: me za mu kira "meditation" na mabiya Buda da Tao?

1/ A watan Disamba na 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 21 ga Disamba ta kowace shekara domin abin da Turawa ke kira "meditation". Ke nan duk mai fassara labarai zuwa Hausa zai riƙa cin karo da wannan kalma, ko yana so ko ba ya so, ballantana masu rubutu kan kiwon lafiya da masu koyar da tarihin addinan Asiya. Abin da na fi gani a rubuce shi ne "zurfin tunani" ko "zuzzurfan tunani". Ina ganin wannan fassara tana kai mai karatu akasin inda ake nufi, kuma ina roƙon malamai da abokan aiki su ba ni aron hankalinsu in bayyana dalili, sannan in kawo kalmar da nake ganin ta fi dacewa.

2/ Matsalar ta faro ne daga ita kanta kalmar Turancin. Asalinta daga Latin ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce jujjuya magana a zuci, kamar yadda masu ibadar Kirista na Turai ke ɗaukar aya su yi ta nazarinta. Da Turawa suka fara fassara littattafan Indiya da na ƙasar Sin, sai suka ɗora wannan kalma tasu a kan ayyuka da yawa waɗanda masu su ke kira da sunaye daban-daban. Idan muka fassara Turancin kai tsaye, ko muka are shi muka ce "meditashan", mun gaji karkacewar da aka riga aka yi. Gara mu koma ga abin da masu aikin ke yi da jikinsu da zukatansu, mu sa masa suna daga can.

3/ A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin littattafan Buda na ɓangaren Theravada da shi, kalmar da ta tattaro aikin gaba ɗaya ita ce "bhavana", ma'ana sa abu ya samu, a raya shi har ya bunƙasa. A ƙarƙashinta akwai "samatha", wato kwantar da zuciya, da "vipassana", wato ganin abubuwa ƙarara yadda suke. Akwai kuma "jhana", da Sanskirit "dhyana", matakan tattaruwar hankali guda huɗu da littattafan suka sha ambata. A mataki na farko akwai sauran ɗora hankali a kan abu da bin diddiginsa. A na biyu waɗannan biyun sun lafa. A na uku zumuɗin farin ciki ya kau. A na huɗu babu jin daɗi babu jin zafi, sai daidaituwa da farkakken hankali. Mai karatu ya lura cewa gwargwadon nisan da mutum ya yi a wannan hanya, gwargwadon raguwar tunaninsa ne. Yaya za a yi mu kira aikin da ci gabansa shi ne lafawar tunani da sunan zurfin tunani?

4/ Wannan "dhyana" ce ta shiga ƙasar Sin ta zama "chan", ta tsallaka Japan ta zama "zen". Dogen, malamin Japan da ya rayu tsakanin 1200 da 1253, ya je Sin ya yi karatu, ya dawo a 1227 da koyarwar da har yau ake bi a gidan ibada na Eiheiji. Almajirinsa yana zama a kan matashi mai kauri, ya harɗe ƙafafu, ya fuskanci bango, gadon baya a miƙe, idanu a buɗe kaɗan suna kallon ƙasa, hannun hagu a kan na dama, manyan yatsu biyu suna ɗan taɓa juna. Ba a ba shi wata magana da zai jujjuya ba. Tunani ya zo, ya bar shi ya wuce, bai kore shi ba, bai kuma bi shi ba. Sunan da suke kiran wannan da shi ma'anarsa "zama kawai".

5/ Mabiya Tao sun ma fi fitowa fili. A littafin Zhuangzi, wanda tushensa ya kai ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kira aikin "zuowang", zama da mantuwa: mutum ya zauna har ya saki gaɓoɓinsa, ya ajiye ji da gani, ya rabu da abin da ya sani. A wani babi na littafin an ba da labarin almajirin da ya ce gidansu talakawa ne, ya yi watanni bai sha giya ba bai ci nama ba, ya tambaya ko wannan ya isa azumi. Malamin ya amsa masa cewa wannan azumin bikin hadaya ne, abin da ake nema shi ne azumin zuciya. Mutanen da suka zaɓi mantuwa da azumi su zama sunan aikinsu ba za su gane kansu a cikin "zuzzurfan tunani" ba.

6/ Akwai kuma illa ta kusa, wadda ita ta fi damuna. A bakin Bahaushe tunani mai yawa ciwo ne. Muna cewa tunani ya yi wa wane yawa, ya rame, ya yi tagumi. Muna cewa mai hawan jini ya rage tunani. Tun da masanin kimiyya Ba'amurke Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirinsa na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka a 1979, wannan aiki ya shiga harkar lafiya a matsayin hanyar rage damuwa, kuma da wannan siga yake zuwa mana a labarai. Idan aka rubuta wa dattijuwa mai hawan jini cewa masana sun ba da shawarar ta riƙa zurfin tunani na minti ashirin kullum, to an umarce ta da ainihin abin da likitanta ya hana ta. Wannan kaɗai ya isa a jingine fassarar.

7/ "Bimbini" ta fi kusa da asalin kalmar Latin, kuma Kiristoci masu magana da Hausa suna amfani da ita daidai wajen nazarin nassi. A can ta zauna daram, a bar ta a can. Amma bimbini nanata magana ne, a hira ta yau da kullum ma har yana ɗauke da ƙanshin mita, don haka bai dace da aikin da ake son maganar zuci ta lafa ba.

8/ Ga malamin da ya rubuto mini yana ba da shawarar "murakaba" ko "tafakkuri": Allah ya gafarta malam, na fahimci abin da ya ja hankali, domin a zahiri akwai kama, mutum ne a zaune shiru ya sunkuyar da kai. Sai dai murakaba a wajen Sufaye ita ce bawa ya halarto da cewa Allah yana ganinsa, tafakkuri kuwa duba ne ga halitta domin sanin Mahalicci. Koyarwar Buda ta Theravada ba ta ginu a kan imani da mahalicci ba, Tao kuma a wajen mabiyansa hanya ce da tushen abubuwa wanda suka ce ba ya ɗaukar suna. Idan muka ara musu kalmominmu na ibada mun yi ɓarna biyu: mun jingina musu aƙidar da ba su faɗa ba, mun kuma sa yaro mai karatu ya ɗauka cewa abin da ake yi a zawiyya da abin da ake yi a Eiheiji ɗaya ne. Hukuncin ko Musulmi zai yi wani abu daga cikin waɗannan ayyuka na malaman fiƙihu ne, kuma ba za su iya yanke shi da kyau ba sai an ba su suna mai tsabta wanda bai riga ya amsa tambayar ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa na bar "zikiri" da "halwa".

9/ Shawarata ita ce "horon natsuwa". "Horo" ya ɗauki ma'anar "bhavana", abin da ake maimaitawa a kai a kai har ya zama jiki, a ƙarƙashin mai koyarwa, da ƙa'ida da lokaci. Wanda ya ga tsarin kwana goma na S. N. Goenka, mutumin da aka haifa a Bama ya fara koyarwa a Indiya a 1969, ba zai yi musun kalmar ba: ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, ana zama kimanin awa goma a yini, ba a magana har kwana tara, kuma kwanaki ukun farko ba abin da ake yi sai lura da shigar numfashi da fitarsa a ƙofar hanci. Na san horo yana nufin ladabtarwa a wani wurin, amma wanda ya ji "horon soja" ko "horon malamai" bai taɓa ɗauka bulala ake nufi ba.

10/ "Natsuwa" ce ginshiƙin maganar, kuma a nan nake so a daɗe. Wani zai ce natsuwa kwanciyar hankali ce kawai, ta ɗauki "samatha" ta bar "vipassana". Amma a duba yadda muke amfani da ita. Uwa tana ce wa ɗanta ya natsu ya ji abin da za ta faɗa. Malami yana ce wa ɗalibi ya natsu ya sake duba lissafinsa. Muna yabon yarinya da cewa natsattsiya ce, muna nufin tana lura, ba ta garaje. Ba mu cewa mai barci ya natsu, ba mu cewa wanda ya sha ƙwaya ya yi laushi ya natsu. Ashe natsuwa a Hausa kwanciya ce tare da farkawa, kuma waɗannan biyun su ne ƙafafun da aikin ke tsaye a kansu. Kunnen Bahaushe yana kuma jin kusancinta da nutsewa, abu mai nauyi ya sauka ƙasa. A babi na 15 na Daodejing, babban littafin mabiya Tao, an tambaya wa zai iya barin gurɓataccen ruwa ya tsaya cik har ya washe a hankali. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan gulbi da damina ya zuba a randa, ya dawo da safe ya tarar laka ta kwanta, ya san abin da ake nufi ba sai an yi masa sharhi ba. Gaskiya ne ana neman natsuwa a cikin salla, amma kalmar ta kowa ce, ta kasuwa da makaranta da gida, ibada ba ta keɓe ta ba kamar yadda ta keɓe zikiri.

11/ Na so in ce "zaman natsuwa", domin ya fi daɗin faɗa, sai dai ba duka ake yi a zaune ba. Littattafan Pali sun ambaci tafiya da tsayuwa da zama da kwanciya, masu zen suna taƙaitacciyar tafiya a hankali tsakanin zama da zama, Sinawa kuma suna da horon da ake yi a tsaye kamar turke. Don haka "zaman natsuwa" ya zama sunan nau'in da ake yi a zaune, "horon natsuwa" ya tattaro duka. Kalmar tana juyuwa ba tare da wahala ba: yana horon natsuwa, masu horon natsuwa, ɗakin horon natsuwa, Ranar Horon Natsuwa ta Duniya.

12/ Ga "mindfulness", wadda masanin Pali ɗan Birtaniya T. W. Rhys Davids ya fassara "sati" ta Pali da ita a 1881, ina ba da shawarar "farga". Asalin "sati" tunawa ne, kuma a aikace shi ne lokacin da mutum ya gane hankalinsa ya tafi, ya dawo da shi kan numfashi. Wannan shi ne fargar da muka sani.

13/ Saura "qi", kalmar Sinanci da mabiya Tao ke yawan ambata a wannan horo, wadda ake fassarawa da "energy", kuma ita ta fi wuya. Ba za a rubuta ta da lafazinta ba, domin a rubutun Hausa za ta fito "ci". "Makamashi" na lantarki ne da fetur da itace, yana kuma sa a ɗauka abu ne da ake aunawa da na'ura, alhali wannan fahimta ce ta Sinawa game da jiki da duniya, ba abin da kimiyya ta auna ba. "Iska" ta yi kusa da asalin ma'anar, tunda tsohon harafin yana nuna tururi a kan shinkafa, kuma da shi Sinawa ke gina kalmominsu na yanayi da na iskar shaƙa da na fushi. Amma duk Bahaushen da ya ji an ce wane yana tara iska a cikinsa, iskokai zai tuna. "Kurwa" da "ruhi" kuma sun kai mu wani fagen daban.

14/ Abin da ya fi kusa a ganina shi ne "kuzarin rai", domin kuzari yana ƙaruwa, yana raguwa, ana tattalinsa, kuma haka mabiya Tao ke magana a kan "qi" da suke tarawa a ƙasan cibiya, wurin da suke kira "dantian". Aikin tsoho ne, domin a kabarin Mawangdui kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka tono a 1973, an samu zanen siliki mai ɗauke da mutum 44 suna miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashe, ko da yake sunan "qigong" da ake kiran irin wannan aiki da shi bai yaɗu ba sai a shekarun 1950, ta hanyar aikin Liu Guizhen a Tangshan. Ga mai fassara, a ambaton farko ya rubuta "qi, abin da Sinawa ke ɗauka a matsayin kuzarin rai", daga nan ya ci gaba da "kuzarin rai". "Qigong" kuwa ya riƙe sunansa kamar yadda karate ya riƙe nasa, a bayyana shi da horon numfashi da motsa jiki a hankali. Ina so in ji ta bakin 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, waɗanda ke fassarawa daga Faransanci, ko "horon natsuwa" ya zauna a kunnensu kamar yadda ya zauna a nawa.