Kofin bota giram nawa ne? Ku taimaka, suna ranar Asabar

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Matar yayan maigidana ta haihu, Hajiya kuma a gaban kowa ta ce ni zan yi kek ɗin rabo. Dama tun bikin autarsu ake ta ƙananan maganganu wai ba na taɓuka komai a hidimar gidan, ban isa in ce a'a ba. Na samo haɗin wata Ba'amurkiya a YouTube, ta ce bota kofi ɗaya da rabi, ni kuma zan ninka sau huɗu. A shago da giram ake sayarwa, leda mai giram 250. Leda nawa zan saya? Kuɗin a ƙirge suke.

Anti Mai Kek: Wa alaikumussalam. Kofin Amurka na bota giram 227 ne, cokalin cin abinci ɗaya kusan 14. Kofi ɗaya da rabi ya zama 340, sau huɗu 1,360. Ki sayi leda shida, rabin ta shidan zai ragu ki shafa wa gwangwanayen gashi. Amma da wane kofi kike awon fulawa da sukari?

Maman Ilham: Gwangwanin madara, Anti. Narkar da botar nake yi in zuba a ciki.

Anti Mai Kek: A'a ƙanwata. Gwangwanin madara bai kai kofi ba, kofin Amurka kusan mililita 240 yake ci. In kika auna bota da giram, fulawa da gwangwani, maiƙo zai rinjayi kwaɓin. Kuma kar ki narkar. Ki bari ta yi laushi kawai, yadda yatsa zai lotsa ta, ki buga da sukari har ta yi fari. Iskar da ke shiga lokacin bugun ita ke sa kek ya tashi. Ki sayi sikeli ki huta.

Ummu Hanan: Ni dai leda ɗaya kofi ɗaya nake ɗauka, ban taɓa jin an kushe kek ɗina ba. Giram 23 ne za su ɓata abu?

Anti Mai Kek: A kofi shida sun haura rabin leda. Lissafa ki gani.

Maman Twins: Hmm, dangin miji. Ni na kwana ina suyar cincin na sunan jikarsu, ko sannu, ƙarshe ma cewa aka yi ya yi tauri. Su suka kawo fulawar, su suka ƙirga min ƙwai. Ki ce su ba ki kuɗin kayan kafin ki taɓa komai.

Maman Ilham: Ba zan iya tambayarsu kuɗi ba, ba ku san Hajiya ba. Sikeli kuma ba yanzu ba gaskiya. Narkarwar nan haka Ummanmu ke yi tun muna yara, kek ɗinta har maƙwabta ke aikowa a yi musu.

Anti Mai Kek: Na Umma wani haɗin ne daban, ita ta san ma'auninta. Wannan na Ba'amurkiya ne. Botar ma wacce ce, ta gashi ko ta shafa wa burodi? Ta shafawa ta fi ruwa.

Ummu Hanan: Ko ki sa man gyaɗa kawai, ya fi araha kuma kek ya fi laushi.

Maman Ilham: To yanzu biyar zan saya ko shida? Maigida zai fita kasuwa bayan la'asar.