Ɓoye tambari a cikin hoton ɗigo-ɗigo

Mai Zane: Assalamu alaikum. Ina so in ɓoye tambarina a cikin hotunan ɗigo-ɗigo (waɗanda ƙananan ɗigon baƙi da fari ke haɗawa) da nake bugawa, kada ya fito sai an ɗora hoto kan hoto. Wace hanya ta fi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bi ta Floyd da Steinberg ta 1976, mai raba kuskuren kowane ɗigo, wato bambancin haskensa na asali da baƙi ko farin da aka mayar da shi, ga maƙwabtansa. Fitar da hoto biyu. A wajen tambarin ɗigo su zo daidai, a cikinsa su saɓa. In ka haɗa su, inda suka saɓa zai yi duhu, tambari ya bayyana.

Baban Ɗab'i: Ɗana, tsaya ka ji. Na yi wannan aikin, a kwamfuta ya fito tas. Na kai bugu, yaron wurin ya mayar da shi JPEG, nau'in fayil mai matse hoto yana ɓata ɗigo, ya rage girmansa don ya shiga takarda. Ita kuma firinta ta sake jera nata ɗigon a kan nawa. Muka ɗora ledojin da aka buga hotunan a kansu, masu nuna abin da ke bayansu, ɗaya kan ɗaya gaban mai aikin, ba komai sai toka-toka. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Ka ajiye shi PNG ko TIFF, nau'in fayil da ke barin ɗigo yadda suke, baƙi da fari zalla, a buga shi a girmansa. Ka sa alamar saiti a kusurwa huɗu, don gocewar ɗigo ɗaya ta isa ta shafe komai. Ɗigon kuma su yi ɗan kauri, tawada tana bazuwa.

Ɗaliba: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ai hanyar Naor da Shamir ta 1994, mai raba sirri gida biyu, ba a ganinsa sai an ɗora rabi kan rabi, ta fi tsaro.

Injiniya: Tsaro kam akwai, ƙanwata. Sai dai kowane rabi kamar tsaki-tsakin da ke cika talabijin in babu tasha yake. Shi kuwa Mai Zane hoto yake so mutane su gani.

Ɗaliba: Yaya, ai an inganta ta daga baya, rabin ma yana ɗaukar hoto.

Injiniya: Da asarar kyau.

Baƙo: Wannan ce wadda rubutu ke fitowa in an yi fotokwafi?

Baban Ɗab'i: A'a. Can manyan ɗigo ne da ƙanana masu haske ɗaya, injin kwafi ya zubar da ƙananan.

Mai Zane: To hoton nawa dare ne, kusan duk baƙi.

Injiniya: Canza shi. Inda ya yi baƙi ƙirin ko fari fat, ɗigo ba su da wurin saɓawa.