Admin a ɓoye sunana: sana'a ta ja min kariyoba biyu (kwas biyu da na faɗi sai na maimaita), aminiyata ta riƙe min kuɗi, ga shi zan shiga shekarar ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan Kano ina karantar ikonomiks, na gama lebul 300 zan shiga 400 in sha Allahu. Sana'a na fara ta ne lokacin dogon yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wata takwas muna zaune a gida tun Fabrairu har Oktoba, sai gwaggona ta ba ni dubu 40 na fara saro atamfa turmi biyar ko shida a Kwari ina sawa a sitatus, kuma Alhamdulillah Allah ya sa albarka, dan tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi ban ƙara tambayar Baba kuɗin rajista ba, ya yi ritaya kuma mu bakwai ne a gabansa, ni nake biya wa kaina har na ɗan taimaka wa ƙanina da na mota.

To bana ne abin ya fi ƙarfina. Na ƙara leshi da mayafai da abaya, sau uku ina bin Gwaggo Legas saro kaya a Balogun, sau biyu kuma muka je Maraɗi ta Jibiya. Ina cikin lakca waya na ƙarƙashin hijabi ina amsa kwastoma, wannan ta ce a turo wata kala, waccan ta ce mai dilibari bai iso ba, sai a tashi na duba littafina na ga layi huɗu kawai na rubuta. Wanda ya fi ƙona min rai tafiyar Legas ta biyu, mun taho da daddare da niyyar na iso kafin tes na ranar Litinin ƙarfe 8, mota ta lalace mana bayan mun wuce Mokwa muka kwana a hanya, daga tasha ko gida ban je ba na hau adaidaita ƙafafuna duk sun kumbura, ina isa ƙofar hol ɗin mutane na fitowa. Na tsaya jikin bango na yi kuka sosai ranar. Sakamako ya fito CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk kwasa-kwasan da na yi, ya sauko daga 3.62 zuwa 3.31, ga kariyoba biyu, ɗaya kwas ɗin da na rasa tes ɗin ne.

Sai maganar aminiyata, tun lebul 100 ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Bikin yayarta ya tashi ta ɗauki leshi biyu da abaya da ankon ƙawayenta, jimla dubu 185, ta ba ni dubu 40 shikenan, yau wata bakwai. In na yi magana sai ta ce haba kamar ba ke ba, kuma ina ganin leshin a jikinta a hotunan dina. Sauran ƙawayenmu sun fara cewa na zama mai son kuɗi, ba na zuwa karatun dare, ban je kamun wata a cikinmu ba saboda ina haɗa oda, har sun buɗe wani guruf babu ni. Wallahi abin yana damuna fiye da kuɗin.

Dan Allah ku ba ni shawara, na ajiye sana'ar gaba ɗaya har na gama ko yaya zan yi? In na ajiye wa zai biya min rajista da kuɗin furojet? Ita kuma ƙawata ta wace hanya zan bi kuɗina ya fito ba tare da mun rabu ba?

Ɗan kasuwa a Kwari:
Ƙanwata ni shekara ta 14 a Kwari, kuma rabona da Legas an fi shekara uku amma duk wata kaya na zuwar min. Ki zauna da biro ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, ɗan dako, kuɗin lodin kaya, ki raba a kan yawan leshin da kike ɗaukowa, za ki ga da ƙaramin jari tafiyar ce take cinye ribar ba ki sani ba. Tunda kin je sau uku ai kin san shagunan da kike saya, ki karɓi lambarsu su nuna miki kaya ta bidiyo ki zaɓa ki tura kuɗi su sa miki a webil ki karɓa a tasha. Amma karon farko kar ki tura mai yawa, ki gwada mutum da kaɗan tukun. Ko kuma tunda Gwaggo na zuwa ki dinga ba ta saƙo kina sa mata wani abu a kai, ita ta ji daɗi ke kina aji.

Malami a jami'a:
'Yata bari na yi miki lissafin da ya kamata ki yi tun ranar da sakamakon ya fito. Digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa daga 3.50, ke kina 3.31. In muka ɗauka kin yi yunit 108 zuwa yanzu (yunit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas), saura kamar 42 har da kariyoba ɗin, to abin da kike buƙata a shekarar nan bai wuce 4.0 ba, wato a ce kowane kwas kin samu B, maki 60 zuwa sama, in kika samu C a wani sai A ta rufe miki a wani. Yarinyar da ta taɓa riƙe 3.62 za ta iya wannan, amma ba da waya a ƙarƙashin hijabi ba. Ki ɗauki ainihin yunit ɗinki ki je wurin kodinetan lebul ɗinku ku yi lissafin tare, kuma ki tambayi dokar halartar aji, dan wurare da yawa sai kin cika kashi 75 cikin 100 kafin a bar ki ki zauna jarrabawa. Abin da nake ji miki tsoro kariyoba ɗin ne, yawanci lokacinsu yana karo da lakcocin 400, ɗalibai sai su raina su su ce ai na taɓa yi, su sake faɗuwa, a wayi gari abokan karatu sun tafi bautar ƙasa su suna zaman sifil'oba, wato ƙarin lokaci a makaranta, saboda kwas ɗaya. Na ga wannan ya fi sau goma. Furojet kuma a wurinmu yunit 6 ne, ki je wurin sufabaizanki tun satin farko, kuma me zai hana ki ɗauki taken da ya shafi mata masu sana'a ta waya a Kano? Kin san mutanen, kin san inda za ki raba takardun tambaya.

Wata 'yar uwa:
Ni dai gaskiya ki ajiye kawai, ba a tauna taura biyu. Shekara ɗaya ce fa, kasuwa ba inda za ta je. Ki sayar da kayan da ke hannunki ki ware kuɗin rajista da furojet ki kulle sauran.

Tsohuwar ɗaliba:
A'a 'yar uwa kar ki ce ta ajiye gaba ɗaya. Ni na gama da 3.9, na yi bautar ƙasa, yau shekara huɗu ina yawo da takardu, abin da yake riƙe da ni da mahaifiyata shi ne turaren wuta da humra da na fara a hostel. Kwastoma in kika ɓace mata shekara guda ta samu wata, kuma kuɗin da aka kulle a wannan zamanin kafin shekara ya rage daraja, abin da zai saro turmi goma yau ba zai saro shi baɗi ba. Ta rage dai. Ni abin da na yi a shekarar ƙarshe layi biyu na yi, na sana'a yana cikin ƙaramar waya a ɗaki, ba na kunna shi sai bayan la'asar zuwa isha, na rubuta a sitatus cewa dilibari Asabar ne kawai, sati uku kafin jarrabawa na rufe. Wasu sun yi fushi sun tafi, amma na kirkin sun jira ni.

Hajiya uwar marayu:
'Yata ni kan ƙawarki zan yi magana dan na ga nan ne zuciyarki ta fi ciwo. Kuɗinki haƙƙinki ne, neman sa ba son kuɗi ba ne, kar kowa ya sa ki jin kunya. Amma ki daina tambaya ta waya ko a gaban mutane. Ki shirya ki je har gidansu ki gaida mahaifiyarta, ku shiga ɗaki ku biyu ki ce mata wance kuɗin nan da shi zan yi rajista, faɗa min tsakaninki da Allah nawa za ki iya duk wata. Ina zargin kuɗin ankon ne ƙawayen ba su biya ta ba ita kuma kunya ta hana ta faɗa miki, in haka ne ta ba ki sunayensu ku bi tare. In da gaske babu ce, Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ko dubu 20 ne duk wata ki karɓa. Ku rubuta a takarda da shaida, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, da kun rubuta tun farko da ba a kai ga haba kamar ba ke ba. In kin yi haka wata biyu shiru, sai ki sa Gwaggo ta yi wa mahaifiyarta magana, manya sun san yadda suke yi. Su kuma sauran, wadda ba ki je kamunta ba tana da gaskiya, ki ɗauki ko mayafi ɗaya ne ki je gidanta ki ba ta haƙuri, kar ki tsaya kare kanki.

Ɗan lebul 400:
Anti kin nemi NELFUND kuwa, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya? Su suke biyan kuɗin makaranta kai tsaye, in kin nemi na kashewa kuma dubu 20 ne duk wata, ba kuɗin ruwa a ciki, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ko rajistar kaɗai suka ɗauke miki ai kin samu sauƙi. Bashi ne dai, ki yi shawara da Baba kafin ki cike.

Wani ɗan uwa:
Tafiyar dare ɗin nan ita ce ban so ba wallahi, ku biyu mata a hanyar Neja mota ta lalace, Allah ne ya tsare. Ko ba dan karatu ba a rage ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Malam na duba yunit ɗina 110 ne, gobe zan je wurin kodineta, kuma maganar taken furojet ta shiga raina sosai. Yaya na Kwari na yi lissafin da ka ce jiya da daddare, tafiyar ƙarshe abin da ya rage min bayan an cire komai bai kai dubu 30 ba, jikina ya yi sanyi. Na yi magana da Gwaggo ta yarda za ta dinga taho min da saƙo, ƙanwata da ta gama sakandare kuma za ta riƙe wayar sana'a da safe na dinga ba ta wani abu a kan kowane turmi. Hajiya na kira ƙawar tawa na ce zan zo gaida Umma ranar Juma'a, ta yi shiru kaɗan sannan ta ce to sai na zo, dama akwai maganar da take so mu yi. Dan Allah Hajiya in na je na fara kawo zancen takardar ne ko na bari ta gama faɗin nata tukun?