Tambaya: inshorar lafiya ga yaro mai sikila a Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Tudun Wada, nan cikin Gombe, kuma shawara nake nema.

Ɗana na biyu, mai shekara 6, yana da amosanin jini. Ni da babansa duka AS ne, ba mu yi gwaji kafin aure ba, sai da ciwon ya fara kumbura masa hannu da ƙafa muka sani. Kullum yana shan folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, yanzu kuma likita ya ƙara masa hydroxyurea. Idan sanyin hunturu ya shigo, sai kwanciya asibiti, wani lokaci har ƙarin jini.

Babansa tela ne, ni kuma rubutun labarai nake yi a waya, ina sayarwa ta WhatsApp. Da ɗan kuɗin nan nake sayen magani, amma mutum ɗaya zai biya, kafin gari ya waye labarin ya zaga gurufuka goma kyauta. Allah ya isa ma na gaji da yi. Ga raba dare ina danna waya a gefen gadonsa, har shi da kansa yake cewa, "Umma, ajiye wayar nan."

An ce min GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, tana rajistar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. To, wa ya taɓa yi? Rajistar tana ɗaukar hydroxyurea da ƙarin jini, ko sai ƙananan magunguna kawai? Kuma yaron kaɗai zan iya sakawa, ko dole sai gidan duka?