Windows 7 ta ƙi ganin SSD ɗina, ku ba ni shawara

Mai Fulota: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwamfutar da nake yanka sitika da ita a shago ta mutu ranar Asabar. Na sayi wata ta hannu, mai firosesar Intel i5-6500, ma'ajiyarta, wato SSD, irin siririyar nan ce ta NVMe da ake kwantarwa a kan bod a ɗaure da noti ɗaya. Manhajar fulotata, wato injin yanka sitikar, da ɗan makullinta na USB ba sa aiki sai a Windows 7. Na haɗa filashin ɗora Windows 7 da manhajar Rufus, ya tashi lafiya, amma ina danna wajen ɗorawa sai ya ce wai babu direban CD/DVD, wato manhajar da ke sa Windows ta gane na'urar faifai. Ni kuwa ko faifai ban sa ba. Ga aikin allunan wata makaranta yana jirana.

Ɗan Koyo: Wa'alaikumus salam Oga. Cire filashin daga shuɗiyar kafa ka mayar baƙa. Ni haka na yi a tawa ya wuce.

Mai Gyara: Ƙanena, taka tsohuwa ce shi ya sa. Daga zubi na shida na firosesar Intel, irin na Mai Fulota, wanda ya fito a 2015, an cire tsohon mai sarrafa USB da ake kira EHCI, an bar xHCI kaɗai. Baƙar kafa da shuɗiya duk ta hannunsa suke bi, kuma Windows 7 ba ta san shi ba. Saƙon CD/DVD ɗin nan ma'anarsa ita ce filashin da ta tashi daga kansa ya ɓace mata. Malam Mai Fulota, maus da kibod suna motsi?

Mai Fulota: Kibod ɗin mai zagayayyen baki ne, na PS/2, yana yi. Maus kam ko motsi.

Mai Gyara: To ka gani. Matsala biyu gare ka, ta farko ce ta tare ka ba ka kai ga ta biyu ba. Windows 7 ta fito a 2009, NVMe kuwa sai 2011 aka fitar da ƙa'idarsa, don haka ko ka wuce nan za ka tarar da wajen zaɓen ma'ajiya fayau. Microsoft ta yi gyara biyu: KB2990941 shi ne ke koya mata NVMe, KB3087873 kuma yana maganin shuɗin allon da na farkon kan jawo. Dole kwafinka ya zama SP1, wato mai ɗauke da tarin gyara na farko. Za ka cusa su duka biyu, haɗe da direban USB 3.0 na Intel, cikin fayilolin Windows da ke filashin, da DISM, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su gyara fayil ɗin boot.wim su manta da na install.wim. Na farkon shi ne mai aikin ɗorawa, na biyun shi ne Windows ɗin da za ta zauna. In ka gyara na farko kaɗai, za ta ga SSD, ta kwafe komai, ka ji daɗi, tana sake tashi sai shuɗin allo. Na taɓa kwana a shago kan wannan, sau huɗu ina maimaitawa kafin na gane. Kuma boot.wim kashi biyu ne a ciki, ka sa wa kowanne.

Malamar Kwamfuta: Yallaɓai, mutumin da aiki ke jiransa za ka tura wa DISM? Akwai masu yi da dannawa kawai. Gigabyte na da Windows USB Installation Tool, MSI na da Smart Tool, ASUS na da EZ Installer. Na Gigabyte na yi amfani da shi a ɗakin kwamfutocinmu, a kan bod da ba nasu ba, ya yi. Ka nuna masa filashin, ka zaɓi USB da NVMe, ka ba shi lokaci, yana jimawa ƙwarai. Kada a ɗauke wuta yana tsaka da aiki, ka yi a laftof mai caji.

Mai Gyara: Gaskiya ne Hajiya, na yarda. Sai dai ya shiga BIOS, wato saitin bod, ya kashe Secure Boot ya kunna CSM mai barin tsofaffin Windows su tashi, in ba haka ba za ta tsaya cak a tambarin farko. Kuma 64-bit zai ɗora a tsarin rabon ma'ajiya na GPT.

Tsohon Hannu: Ni shawarata daban ce. Buɗe akwatin, za ka ga kafar SATA, ta tsohuwar hanyar haɗa ma'ajiya, a zaune ba kowa. Sayi ƙaramar SSD ta SATA mai 128GB ka ɗora a kai, Windows 7 na ganinta ba roƙo. Direban USB kaɗai zai rage maka. Fulota ba ta san bambancin gudun NVMe da SATA ba, wuƙa ce ke bin layi a hankali. Ita NVMe ɗin ka sa mata Windows 10 don sauran harkokinka.

Abin da ya fi damuna ma ba ɗorawar ba ce. Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina tura mata gyaran tsaro, Chrome ma a siga ta 109 ya tsaya mata. Shagon buga takardu kuwa kowa da filashinsa yake zuwa. Don Allah kada ka haɗa ta da intanet, kada ka buɗe manhajar banki a kai, aikin kwastoma ka karɓa ta wata na'urar tukuna.

Ɗan Koyo: Yaya, VirtualBox fa, mai gudanar da Windows a cikin wata? Ya sa 7 a cikin 10.

Tsohon Hannu: Yana yiwuwa, amma makullan manhaja na USB wasu suna bi ta ciki, wasu suna ƙi. Ga wanda zai yanka sitikar kuɗi, ba na so fulota ta tsaya a tsakiyar harafi.

Mai Fulota: Alhamdu lillahi, Allah Ya saka muku da alheri. Na bi hanyar Hajiya, na kunna CSM kamar yadda Mai Gyara ya ce, SSD ta fito da cikakken girmanta, maus ma ya dawo. Fulota ta yanka gwaji yanzun nan. Saura allo, rubutu ya yi manya-manya.

Mai Gyara: Direban hoto ne. Nemi na Intel HD Graphics 530, akwai na Windows 7. Sa'arka zubi na shida ka saya, da na bakwai ne Intel ba ta yi masa ba. Ka sauke a waya ka tura ta kebul, wayar intanet ɗin ta zauna a cire.